Kundin aiki: abokan tafiyar girgizar ƙasa a Turanci

Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025

Yau shekara biyu cif da girgizar ƙasar da ta afka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, kuma da labaranta zan fara. Aikin da na ɗauko shi ne tattara kalmomin da Turanci ke jerawa kusa da *earthquake* idan girgizar ta yi ɓarna, in tsara su a ɗan littafi domin masu fassara labaran duniya a gidajen rediyo, da kuma ɗaliban da nake koya wa fassara da yamma. Ƙamus zai ba ka ma'anar *devastating* ita kaɗai, ya ba ka ta *powerful* ita kaɗai. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne dalilin da ya sa ɗan jarida ya ɗauki wannan ya bar waccan, da kuma wacce ke yarda ta zauna kusa da wacce.

Masana harshe suna kiran wannan zaman tare *collocation*. Ni a aji abokan tafiya nake cewa. J. R. Firth na Jami'ar Landan ne ya yayata batun, a 1957 ya ce ana gane kalma ta abokan zamanta. Ɗalibinsa Michael Halliday ya kawo misalin da har yanzu ake maimaitawa: Bature yana shan *strong tea*, ba ya shan *powerful tea*, amma motarsa *powerful* ce. Ma'ana kusan ɗaya, mazauni daban. Mu ma haka muke. Gobara tashi take yi, ambaliya ci take yi, ruwa sauka yake yi, kuma babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana.

Kayan aikina su ne kanun labaran Reuters da AP da BBC da Al Jazeera kan Haiti a 2010, Japan a 2011, Nepal a 2015, sai Turkiyya da Maroko a 2023. Don tantancewa zan riƙa leƙa rumbunan rubutu guda biyu: BNC na Birtaniya mai kalmomi miliyan 100, da COCA na Amurka wanda ya haura biliyan ɗaya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Sifofin da na tara sun rabu gida biyu da kansu, kuma ina ganin a kan wannan rabuwa littafin zai tsaya.

Gida na farko yana magana ne a kan ƙarfin da ya fito daga cikin ƙasa: *strong*, *powerful*, *major*, *massive*, *huge*. Waɗannan na'ura ce ke ba da hujjarsu, kuma ana iya rubuta su kafin a san ko bango ɗaya ya tsage. (Girgizar ƙasa, saɓanin shayin Halliday, tana karɓar *strong* tana karɓar *powerful*.) Gida na biyu yana magana a kan abin da ya sami mutane da gidajensu: *damaging*, *destructive*, *deadly*, *devastating*, *catastrophic*. Waɗannan sai an je an gani. *Damaging* ita ce mafi sanyi, injiniyoyi da masu inshora sun fi amfani da ita, gine-gine sun lalace ko da ba a rasa rai ba. *Destructive* rushewa ce. *Deadly* ba ta cewa komai kan gini, rai kawai take ƙirgawa. *Devastating* ta haɗa duka, gari ya ɗaiɗaice. *Catastrophic* ana ajiye ta ne sai abin ya fi ƙarfin ƙasar da ya sama, kamar Haiti.

Wanda ya ɗauka gidajen biyu ɗaya ne, ya duba Agadir. Ranar 29 ga Fabrairu, 1960, girgizar da ba ta kai maki 6 ba ta sami wannan gari na gaɓar tekun Maroko cikin dare. Ba ta da zurfi, cibiyarta tana dab da garin, gine-ginen kuma ba a yi su don jure motsi ba. Mutane tsakanin 12,000 da 15,000 suka rasu, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin. Babu masanin da zai kira ta *massive*, amma *devastating* ce ba ko tantama. A ɗaya gefen, ranar 24 ga Mayu, 2013, an yi wata mai maki 8.3 a ƙarƙashin tekun Okhotsk, gabashin Rasha. Zurfinta ya kai kilomita 600, an ji motsinta har Masko, amma ba ta rushe gari ba. *Powerful* ce, *massive* ce, ba ta taɓa shiga gida na biyu ba.

A labaranmu na Hausa duk waɗannan sukan narke su koma "mummunar girgizar ƙasa". Jimla ce mai kyau, kunne ya saba da ita. Matsalar ita ce ana ɗora ta a kan *powerful* tun a sa'ar farko, sai mai sauraro ya ji an yi asarar rayuka alhali rahoton bai faɗi haka ba. Shawarar da na rubuta: gida na farko a ce "mai ƙarfi", "mai tsananin ƙarfi", "gagaruma". A bar "mummuna" da "mai ɓarna" wa gida na biyu.

Akwai wata sifa da ba ta shiga ko ɗaya ba, wato *shallow*. Ita ce gada tsakaninsu. Idan rahoton farko ya ce girgizar ba ta da zurfi, mai fassara ya shirya, galibi labarin zai munana.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Gajeren aiki yau. Masana girgizar ƙasa suna da tsani da suka saba hawa: *minor* ga maki 3 da 'yan kai, *light* ga 4, *moderate* ga 5, *strong* ga 6, *major* ga 7, *great* ga 8 zuwa sama. 'Yan jarida ba sa bin tsanin sau da ƙafa, *major* a bakinsu tana iya zama duk wadda ta cika shafin farko. Na sa gargaɗi a kan *great*, don babu yabo a cikinta. *Great Kanto Earthquake* ita ce ta 1923 da ta halaka sama da mutum 100,000 a Tokyo da Yokohama.

Na kuma rubuta cewa *heavy* ba ta tafiya da *earthquake*. Akwai *heavy rain*, akwai *heavy damage* da *heavy casualties*, amma girgizar kanta ba a ce mata *heavy*. Ɗalibai suna yawan rubuta haka idan suna mayar da Hausa Turanci.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Aikatau. A Turanci girgizar ƙasa maharbiya ce, ita ke kai hari. *Strike* da *hit* su ne na kullum, kuma ba sa bayyana girman ɓarna, lokaci da wuri kawai suke kawowa. Daga nan sai jerin masu nuna yadda aka ji abin a jiki: *rattle* ƙarar tagogi da kwanuka ce, firgita ba rushewa ba. *Jolt* zabura ce ta farat ɗaya. *Shake* da *rock* sun fi faɗi, *rock* kuma masu rubuta kanu suna sonta saboda gajarta. Sai waɗanda ba a taɓa su sai an ga hotuna: *destroy*, *devastate*, *flatten*, *level*. Wannan ta ƙarshe tarko ce. Ɗalibi ya san ta da ma'anar mataki ko daidaito, sai ya ga *villages were levelled* a labarin ƙauyukan tsaunukan Atlas na Maroko ya rasa inda zai dosa. Ƙauyukan an shafe su ne, sun koma daidai da ƙasa.

Da yamma na kai jerin wurin wani dattijo da ya daɗe yana fassara labarai a rediyo kafin ya yi ritaya. Ya karanta a nutse, ya tsaya a kan *Quake kills hundreds*.

Ya ce, "Ɗana, me ka sa a nan?"

Na ce, "Baba, na sa ta kashe ɗaruruwan mutane."

Ya ce, "Ba laifi ba ne, amma mu ba haka muke karantawa ba. Ta yi sanadin mutuwar ɗaruruwan mutane. Mai sauraro ya san wa ke rayawa, ya san wa ke kashewa. Girgiza sanadi ce."

Mun ɗan ja. Na ce masa yanzu kafafen Hausa na intanet suna rubuta "ta kashe" da "ta halaka" a kanu kullum, don wuri ya yi kaɗan. Ya ce shi ba kanu yake karantawa ba, bakin mutum yake saurare. Na yanke in sa duka biyun, in nuna cewa gajeren na kanu ne, dogon na cikin labari. A raina dai ina tare da shi. Turanci yana son ya nuna mai aikatawa a farkon jimla, Hausar rediyo kuwa tana da "ta afku", "ta rutsa da", "ta yi ajalin", waɗanda ke barin wuri ga ƙaddara. Wanda ya tashi da karatun Izazul ba zai ji girgizar ƙasa a matsayin mai yin gaban kanta ba.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya shigo, aikin ya koma bayan sallar asuba. Lambobi nake kai.

Turanci yana da hanyoyi uku na manna adadi: *a 7.8-magnitude earthquake*, ko *a magnitude 7.8 earthquake*, ko *an earthquake measuring 7.8*. Duk "mai ƙarfin maki 7.8" ta ɗauke su. Inda na tsaya shi ne wutsiyar nan *on the Richter scale*. Charles Richter ya fito da ma'auninsa a 1935 don girgizar kudancin Kalifoniya, kuma ma'aunin yana gazawa idan girgizar ta yi girma sosai. A 1979 Thomas Hanks da Hiroo Kanamori suka kawo wanda ake kira *moment magnitude*, shi ne hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ke amfani da shi ga manyan girgizar yau. Manyan kamfanonin dillancin labarai sun daina rubuta sunan Richter sai jefi-jefi, amma mu mun riƙe shi gam, har mai fassara yakan ƙara "a ma'aunin Richter" daga aljihunsa don jimlar ta cika. Na rubuta: in babu shi a asali, kada a sa.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai sauraro shi ne tazarar da ke tsakanin maki da maki. Hawa ɗaya yana nufin motsin da na'ura ta zana ya ninka sau 10, ƙarfin da aka saki kuma ya ninka wajen sau 32. Ta Maroko ta 8 ga Satumba, 2023, maki 6.8 ce, ta Turkiyya 7.8. A kunne kamar 'yan uwa na kusa, a ƙasa kuwa ɗaya ta ninka ɗaya fiye da sau talatin. Mafi girma da aka taɓa aunawa ita ce ta Valdivia a ƙasar Chile, 22 ga Mayu, 1960, maki 9.5.

Sai *intensity*, wadda ba *magnitude* ba ce. Girgiza tana da *magnitude* guda ɗaya, amma *intensity* tana canzawa daga gari zuwa gari, don tana auna yadda aka jijjiga ne a wuri kaza. Ma'aunin Mercalli mai hawa 12 ake bi, da lambobin Romawa. Rabuwar nan ta gida biyu ce ta sake fitowa, wannan karo a bakin masana.

Asabar, 15 ga Maris

Babi mafi nauyi, abin da ke biyo baya. *Cause* tana jan *damage*, *destruction*, *panic*. Masanin harshe Michael Stubbs ya nuna a 1995 cewa wannan kalma, duk da kamar ba ta da ɓangare, kusan kullum da mugun abu take tafiya. "Haddasa" tamu ma haka take, ba a haddasa biki. *Trigger* kuma ta bala'i na biyu ce da na farko ya tayar: *triggered a tsunami* a Japan ranar 11 ga Maris, 2011, *triggered an avalanche* a sansanin masu hawa Everest ranar 25 ga Afrilu, 2015. *Leave* tana zuwa da halin da aka shiga: *left thousands homeless*. A nan kada a ce "ta bar dubbai", a ce "ta raba dubbai da muhallansu". *Claim* da *lives* ba sa rabuwa, kuma babu wani iƙirari a ciki, "ta laƙume rayuka" ke nan.

*Rubble* tana da rundunarta: *trapped under*, *buried under*, *pulled from*, *reduced to*. Ɓaraguzan gini ne, bulo da kankare. *Debris* ta fi faɗi, tarkace ne kowane iri, har da motoci da katakon da igiyar ruwa ta kwaso. Shi ya sa labaran Turkiyya suka cika da ta farko, na Japan suka cika da ta biyu.

*Death toll* kuwa hawa kawai take yi: *rises*, *climbs*, *soars*, *passes*, *tops*, *nears*. Abin da na ja wa layi biyu a ƙasa shi ne bambancin *confirmed dead* da *feared dead* da *missing*. An tabbatar, ana fargaba, ba a gani ba. Mai fassara da ya haɗe su ya yi wa wani ta'aziyyar ɗan'uwansa da ke raye.

Juma'a, 28 ga Maris

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Girgiza mai maki 7.7 ta afka wa tsakiyar Myanmar, kusa da Mandalay da Sagaing, da tsakar rana a can, zurfinta kilomita 10 kacal. Lokacin sallar Juma'a ne, a goman ƙarshe, kuma akwai masallatai cikin abin da ya rufta. A Bangkok, mai nisan wajen kilomita 1,000, wani dogon bene da ake kan ginawa ya zube a kan ma'aikata.

Na ajiye tsofaffin labarai na bi wannan. Rahotannin farko *powerful* da *strong* suke cewa, da *strikes* da *hits*. Adadin maki ne kawai a hannu. Kafin dare *deadly* ta fara shigowa.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi, na dawo kan aiki. Adadin da hukumomin sojan Myanmar suka bayar ya wuce 1,600 washegarin girgizar, ya wuce 2,000 ranar Litinin, jiya ya haura 3,000. Yanzu *devastating* ta zauna daram, kuma an daina cewa *an earthquake*, an koma *last week's devastating earthquake*. Aikatau ma sun canza hannu. Girgizar ta daina zama mai aikatawa, masu ceto ne a farkon jimla: *rescuers race*, *search for survivors*, *hopes fade*.

Wannan ya canza mini tsarin littafin. Da na yi niyyar jera kalmomin bi da bi kamar ƙamus. Yanzu zan jera su ne bisa lokaci: sa'ar farko, yinin farko, makon farko, sai tunawa bayan shekara. Mai fassara da ke bakin aiki zai buɗe shafin da ya dace da inda labarin ya kai.

*Aftershock* tana ba ni wahala. "Ƙananan girgizar da ke biyo baya" doguwa ce, kuma ba kullum suke ƙanana ba. A Turkiyya, bayan sa'o'i tara, wata mai maki 7.5 ta biyo a wani layin tsagewar daban, har jaridu suka koma cewa *twin earthquakes*. Baba ya ba da shawarar "raguwar girgiza". Ban gamsu ba tukuna.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na gwada babi biyu a aji. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to abin da aka yi a Mpape fa, wane gida zai shiga?" Tana nufin motsin da ya firgita mazauna Mpape da Maitama a Abuja a watan Satumban 2018. Jaridun Najeriya *earth tremor* suka kira shi, kuma sun yi daidai. *Tremor* abokanta *slight*, *mild*, *minor*, aikatau ɗinta kuma *felt*. Ana jin ta ne, ba ta cika kai hari ba. "Motsin ƙasa" ya wadatar. Sai dai a lura, wasu rahotanni suna ɗauko *tremor* a sakin layi na uku don kawai kada su maimaita *quake*, ko da girgizar babba ce. Jaridun Amurka su kuma *temblor* suke ɗaukowa, aro daga Sifaniyanci.

Na gaya musu yankinmu ba ya cikin inda faifan ƙasa ke gogayya, amma ba a ce bai taɓa gani ba. Ta Accra ta 22 ga Yuni, 1939, ta rushe gidaje ta kuma yi sanadin rayuka 17.

Wani ɗalibi ya kawo *political earthquake* da *seismic shift* da *landslide victory*, da yadda aka riƙa kiran Wuhan *epicentre* na annobar korona. Abu ne mai daɗin tattaunawa, ya cinye mana rabin darasi. Shafi ɗaya zan ba shi a ƙarshen littafi.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Jiya girgiza mai maki 6.2 ta jijjiga Istanbul daga ƙarƙashin tekun Marmara. Mutane fiye da ɗari sun ji rauni, galibinsu wajen gudu da dirowa daga bene saboda firgita, da yawa kuma sun kwana a fili. Kanun Turanci sun tsaya a *strong* da *powerful*, da *shakes* da *jolts* da *rattles*. Ban ga gida na biyu ya buɗe ba. Na ba ɗalibai kanun ba tare da na ce komai ba, yawancinsu suka rubuta "girgizar ƙasa mai ƙarfi ta jijjiga Istanbul", kaɗan suka sa "mummuna". Na sa misalin kusa da na Agadir.

Abin da ya rage: babin tunawa bayan shekara bai kammala ba, ina bukatar ƙarin labaran Haiti da Nepal. *Aftershock* tana nan a buɗe. Ranar Asabar zan kai wa Baba kwafin farko ya bi da jan biro, daga nan in nemi masu fassara biyu ko uku da ke bakin aiki su gwada shi a teburin labarai na wata guda. Ɗalibai sun nemi in yi irin wannan a kan ambaliya, suna cewa tun da madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri a Satumbar bara suke fama da *submerged* da *swept away* da *displaced*. Na buɗe mata fayil, amma ba zan taɓa shi ba sai wannan ya fita daga hannuna.